Yadda ake farfaɗo da murjanin zowa da anka yi watsi da shi, nan cikin zafin Maraɗi

Akwariyom ɗin, wato akwatin gilashi na kiwon kifi da murjani cikin ruwan gishiri, na yayana ne, mai cin lita 120, shina cikin falonshi can Ali Ɗan Sofo. Ya tahi Kwatano da niyyar sati uku, harkar kaya ta riƙe shi wata huɗu cur, kuma daidai tsakiyar bazara. Yaran gida sun yi iya ƙoƙarinsu, suna ba kifi abinci safe da marece, in sunka tuna su ɗebo ruwan pompo su ƙara, iyakar abin da sunka sani ke nan. Ranar da matarshi ta aiko a kira ni, na tarar gilashi ya yi kore shar ba ka ganin ciki, gansakuka ta lulluɓe duwatsu kamar gashin da ba a taje ba, zowa ɗin nan, murjani mai laushi mai ƴan kawuna kamar fure, da in an kunna musu shuɗiyar fitila sai ka ce zanen atamfa, duk sun tsuke sun koma ƴan ƙuraje masu launin ƙasa. Ta ce min, "Malam, ko in sa yara su hiddo duwatsun a tafasa ruwa a sheƙa musu, a goge da soso?" Na ce, "Hajiya, don girman Allah kar wanda ya taɓa su, ruwan zafi bisa dutsen ga shina iya kai mutanen gidan ga duka asibiti." Ta zaro ido, ta janye ƙaramin yaronta daga wurin.

Duwatsu bakwai ne masu zowa a ciki, biyar sun farfaɗo, biyu sun mutu. Abin da na yi shi ne zan faɗa daki daki, don mu da ke wanga sha'ani na kiwon murjani a ƙasar da ba ta da teku ba mu da yawa, kuma duk kan zowa guda da ya iso nan ya sha hanya mai nisa cikin leda, bai kamata ya mutu don rashin sani ba.

Da farko a gane mi ne ne zowa. In an ce murjani mu abin da muka sani shi ne jan dutsen da mata ke sawa a wuya, wancan ƙashin wata halittar teku ne. Zowa dangin su ne amma shi ba ya da ƙashi ko kaɗan, tsoka ne zalla, ƴan kawuna masu kama da fure da ke haɗe da juna ta wata shimfiɗa a ƙasa bisa dutse. Dabba ne, ba tsiro ba. Iri biyu ne sunka fi yawa a hannun masu kiwo, Zoanthus masu ƙananan kai da launi mai haske, da Palythoa masu manyan kai waɗanda in ka duba jikinsu za ka ga kamar da rairayi a ciki, kuma rairayin ne da gaske, suna haɗa shi cikin tsokarsu. Cikin jikinsu akwai wasu ƴan mitsi-mitsin tsirrai da ke amfani da haske suna yi musu abinci, shi ya sa fitila ita ce rabin cinsu. Abu mafi muhimmanci a nan, kan da ya rufe bai mutu ba. Zowa shina iya tsukewa sati biyu, uku, har fiye, ya zo ya buɗe kamar ba a yi komi ba. Wanda na ga ya fi kashe su shi ne mai ceto mai gaggawa, ya canza ruwa duka rana guda, ya ƙure fitila, ya tsoma su cikin magani kala uku, washegari ya tarar sun narke.

Kafin hannunka ya shiga ruwa

Wasu daga cikin zowa, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafi mai suna palitoksin, shina cikin mafi muni da anka sani a duniya, kuma ba shi da makari. A 1971 ne masana biyu, Richard Moore da Paul Scheuer, sunka fara tace shi daga wani Palythoa da anka ɗebo kusa da garin Hana a tsibirin Mawi na Hawayi. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto kan mutane a jihar Alaska da sunka kamu tsakanin 2012 da 2014, ta hanyar shaƙa, cikin gidaje da shagunan saida kifi. Da ido ba ka iya bambanta mai dafi da marar dafi, don haka kowane ka ɗauke shi mai dafi ne.

Ka nemi safar hannu ta roba, in da hali doguwa mai kai gwiwar hannu, da tabarau mai rufe ido, da takunkumi. Tabarau ɗin ba ado ba ne, zowa in ka matse shi shina tsartuwar ruwa, kuma kai tsaye ido yake nufa. In kana da ciwo ko ƙaramin yanka a hannu bari sai ya warke. Kar ka tafasa dutse, kar ka zuba mishi ruwan zafi, kar ka kankare shi a bushe, kar ka shanya shi a rana cikin tsakar gida inda yara da kaji da awaki ke yawo, kar ka ja ruwa da baki ta tiyo. Duk aikin da za ka yi bisa dutse ka yi shi dutsen na nutse cikin ruwa a roba, taga a buɗe, yara a waje. Robobi da burushi da reza na wanga aiki daban, ba su ƙara komawa madafa, in ka gama ka jiƙa su cikin odijabel don shina lalata dafin, ruwan kuma a zuba shi masai ba a rariya ba. In bayan aiki ka ji ɗaci kamar na ƙarfe a baki, ko tari, zazzaɓi, ciwon jiki, numfashi na yi maka wuya, ka tahi asibiti nan take ka faɗa musu sunan dafin da yadda anka yi, kar ka zauna kana cewa masassara ce. In ya faɗa ido a wanke da ruwa mai tsabta sosai, minti 15 ko fiye, sannan a tahi wurin likita.

Ranar farko ido da hanci kawai

Ranar farko ban gyara komi ba in ban da goge gilashin gaba don in ga ciki. Ka ɗauki hoton kowane dutse da waya, don bayan kwana goma idonka zai ruɗe ka, hoton ne zai gaya maka ko ana ci gaba. Sannan ka duba su ɗaya ɗaya. Kan da ya tsuke amma shina da tauri, shimfiɗarshi na manne da dutse, wannan da sauran rai. Wanda ya yi laushi, ya yi fari-fari ko toka-toka, ka hura mishi ruwa da sirinji ya tarwatse kamar tsumman da ya ruɓe, wannan ya tahi. In ka ɗago dutsen ka ji wari ya buge ka tun daga nesa, akwai ruɓa, kar ka kai shi kusa da hanci. Irin wanga dutse shi kaɗai ne za ka hiddo a ranar, ka sa shi cikin roba daban da ruwan akwariyom ɗin, don ruɓa na bin shimfiɗa tana cin na kusa.

Sai awo, kuma a rubuta cikin kaye. Gishiri ana son na'urar awonshi ta nuna 1.025 zuwa 1.026, wato giram 35 cikin kilo guda na ruwa. Zafi digiri 24 zuwa 26. KH, wato awon bikarbonat ɗin da ke hana ruwa yin tsami, tsakanin 7 da 9. Amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da abin da ya ruɓe, sifili. Nitrat da fosfat, ragowar datti da gansakuka ke ci, da miligiram a lita ake awonsu: nitrat 5 zuwa 10, fosfat 0.03 zuwa 0.1. Kalsiyom wajen 420, magneziyom wajen 1300, amma waɗannan biyun ba su ne na gaggawa ba tunda zowa ba ya gina ƙashi. Na yayana gishiri ya kai 1.031, zafi 31 da azahar, KH ya faɗi 5.5, nitrat kuwa ya wuce inda takardar launin kayan awo na Salifert ke nunawa da kyau. Na'urar awon gishirin ma ka tabbatar tana faɗin gaskiya, ka gwada ta da ruwan da anka tace ka ga ta tsaya a sifili, don in ta kauce duk gyaran da za ka yi bisa kuskure ne.

Gyaran ruwa

Zafi shi ne kaɗai abin da ba a jira. Nan watan huɗu da na biyar waje shina wuce digiri 40, ɗaki mai kwano kuwa ba a magana, ruwa in ya haye 29 zowa ya fara wahala, shina zubar da ƴan tsirran jikinshi ya koɗe, iskar da ke cikin ruwa kuma tana raguwa. Ka ɗauke murfi, ka ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwa, iskarmu busassa ce don haka fanka kaɗai tana sauke digiri biyu zuwa uku. In bai isa ba ka daskarar da ruwa cikin gorar roba a firigo, ka rufe ta gam ka sa ta tana yawo a sama, guda guda, kar ka jefa biyar lokaci ɗaya ruwan ya faɗo kamar an tunkuɗa shi. Mai kilim a ɗaki ya huta. Lokacin ɗari kuma abin juyawa yake, daren watan sha biyu da na ɗaya ruwa na iya sauka ƙasa da 22, sai an sa abin ɗumama ruwa.

Fanka tana da kuɗinta, ruwa shina ƙafewa da sauri, akwariyom irin wanga na iya shan lita uku ko fiye a yini. Ruwa ne ke tashi, gishiri na nan zaune, don haka abin da za ka cika da shi ruwa ne marar gishiri. Amma ba na pompo ba, ba na rijiya ba, ba piya-wata ba sai ka auna shi. Na pompo da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, kuma duka suna iya zuwa da abin da gansakuka ke ci. Ruwan da injin tace ruwa na osmoz ya tace ake so, ka tsoma ƴar na'urar TDS, mai auna abin da ya narke cikin ruwa, ta nuna sifili ko kusa da shi. In ba ka da injin, ruwan da anka tace na zuba ma batir shina fidda kai na ɗan lokaci, amma ka karanta jikin gorar da kyau, akwai mai asid, wannan in ya shiga an gama.

Sauke gishirin a hankali ake yi. Daga 1.031 zuwa 1.026 ni kwana biyar na ɗauka, 0.001 kowace rana, ina zuba ruwan kofi kofi kusa da injin kaɗa ruwa. Zowa ya riga ya saba da gishirin nan mai yawa cikin watanni, in ka sauke shi cikin awa guda tsokarshi ce za ta kumbura.

Sannan canjin ruwa. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari duk kwana uku, na sati uku, ya fi rabi a rana ɗaya nesa ba kusa ba. Gishirin haɗawa sai na akwariyom, irin su Red Sea ko Instant Ocean ko Tropic Marin, wajen giram 36 zuwa 38 a lita, a haɗa cikin jarka mai tsabta wadda ba ta taɓa ganin mai ko esans ba, a bar shi shina kaɗawa ya kwana, a auna gishiri da zafi su yi daidai da na ciki. Na san shigo da shi daga Kano ko Legas ko Kwatano akwai tsada da jira, kuma wani ya taɓa tambayata ko gishirin Bilma zai yi tunda shi ma na Allah ne. Ba zai yi ba, na girki ma ba zai yi ba, ruwan teku ba gishiri kaɗai ne a cikinshi ba. In gishirinka ya kusa ƙarewa gara ka yi ƙananan canji da ɗan abin da ya rage.

Wurin zuƙe datti da tiyo ka tsaya a saman rairayi kawai. Rairayin da ya yi watanni ba a taɓa ba, ƙasanshi ya yi baƙi, in ka tona shi za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wannan iska guba ce ga kifi da murjani duka. Kashi kashi za ka bi shi, yau kusurwa ɗaya, bayan kwana uku wata.

KH kuma bikarbonat na farmasi shina ɗaga shi, giram 3 cikin lita 100 na ƙara maki ɗaya, ka narkar da shi cikin ruwan osmoz ka raba shi kwana biyu. Kanwa kar ta ko matso wurin. Ka sa gawayin tace ruwa na akwariyom cikin ƴar jaka inda ruwa ke wucewa, ba gawayin shayi ba, ka ɗauraye shi tukuna, shina tsotse rawayar ruwa da dafin da zowa masu mutuwa sunka saki. Wani abu da mutane ke kuskure, suna ganin nitrat da fosfat ƙazanta ne sai an kai su sifili. Zowa ba ya son ruwan da ya yi tsabta fiye da kima, in ka kai shi sifili sai su ƙanƙance su ƙi buɗewa. In nitrat ya sauko wajen 10 zuwa 15 ka sassauta canjin ruwa.

Farautar dare

Nan ne aikin yake, kuma nan ne akasari ake gano ainihin dalilin rufewar. Bayan an kashe fitila da awa biyu ka zo da tocila, in akwai mai shuɗin haske ta fi, ka zauna ka natsu kana bin kowane kai da ido. Ni dare na biyu na gan su. Wani ɗan abu ne kamar dodon koɗi marar ƙoƙo, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, da ƴan gashi-gashi a bayanshi, kuma launinshi sak na zowan da yake ci, don abin da ya ci ne ke fitowa a jikinshi. Na daɗe ina kallonshi ina zaton geza ce ta kan da ya fara buɗewa, sai na ga gezar tana tafiya. Shi ne masu kiwo ke ce ma nudi. Ƙwanshi fari ne, a nannaɗe kamar gammo ƙarami, manne a wuyan zowa ko ƙarƙashin dutse. Akwai kuma wata ƴar katantanwa mai zagaye, mai zanen baƙi da fari kamar dara, sunanta Heliacus, tana lafewa tsakanin kawuna tana tsotsa. Akwai gizo-gizon teku mai siraran ƙafafu, shi har cikin tsokar yake shiga. Ƙananan taurarin teku masu launin toka in ka gan su zaune bisa kan zowa su ma a tsince su. Katantanwa da taurari da hantsaki ake cire su, ba su da wuya.

Nudi da gizo-gizo sai wanka. Robobi uku za ka jera. Ta farko ta magani, ta biyu da ta uku ruwan akwariyom na ɗauraya. Zowa na cikin murjanin da ke jure ruwa marar gishiri na ɗan lokaci, ƙwarin kuwa ba su jurewa. Ka sa ruwan osmoz mai zafi daidai da na akwariyom, da ɗan bikarbonat kaɗan a ciki, ka taɓa kawunan su rufe gaba ɗaya, ka nutsa dutsen kana girgiza shi kana hura ruwa da sirinji tsakanin kawuna. Lafiyayye na iya minti biyar, waɗanda sunka galabaita ni ban wuce minti biyu zuwa uku. Za ka ga abubuwa na zubowa ƙasan roba. In kana da maganin wanka na musamman irin Coral Rx ko Reef Dip na Seachem ka bi abin da anka rubuta jikin kwalbar, shi cikin ruwan gishiri ake sa shi. In akwai wurin da ya fara ruɓa, Lugol, wato ruwan aidin, ya fi dacewa, ni ɗigo 10 nake sawa a lita guda ta ruwan akwariyom, minti 10. Guda za ka zaɓa a rana, ba a haɗa su.

Babu wankan da ke kashe ƙwai. Sai ka bi su da tsinken sakace ko tsohon burushin haƙori mai laushi, cikin ruwa, ka kankare, kuma duk iya dubawarka wasu za su kuɓuce, shi ya sa ake maimaita wankan duk kwana huɗu har sati uku, don waɗanda sunka ƙyanƙyashe su mutu kafin su yi nasu ƙwan. Wanda ya yi sau ɗaya ya ga sun buɗe ya ce an gama, bayan wata guda zai dawo inda ya faro.

In kuma abin da ka gani ƴan ɗigo-ɗigo ne fari ko rawaya a wuyan kawunan kamar ƙyanda, wannan ciwo ne daban, masu kiwo suna mishi wanka da magani mai nitrofurazon, minti 15 zuwa 20 a rana, kwana uku a jere, a roba daban ba cikin akwariyom ba.

Gansakukar da ta shaƙe su

Mai tsawo ka tsinke ta da hantsaki a cikin roba, sauran ka bi da burushi mai laushi a hankali kamar kana wanke ma jariri kai. Wadda ta kafe tsakanin kawuna sai o-oksijene, ruwan nan mai kumfa na wanke ciwo, mai bolim 10, shi ne kashi 3 cikin ɗari. Kofi ɗaya nashi, kofi huɗu ruwan akwariyom, minti uku, a ɗauraye sau biyu. Dutsen zai yi ta kumfa, bayan kwana biyu gansakukar ta yi fari ta zube. Zowan zai yi fushi ya ƙara tsukewa kwana biyu ko uku, wannan ba komi. Ka ba da tazarar kwana uku aƙalla tsakaninshi da wancan wankan. Jan yauƙin nan mai kama da majina da ke rufe kawuna shi da sirinji ake hure shi kullum a zuƙe, in ruwa ya gyaru kuma motsi ya ƙaru da kanshi yake barin wurin.

Dutsen da rabinshi ya ruɓe kar ka ji tausayi. Reza sabuwa, cikin ruwa, tabarau a ido, ka yanke shimfiɗar ta cikin lafiyayyen wuri, ka bar ma ruɓar kai ɗaya ko biyu masu kyau su tahi da ita. Abin da ka ceto ka yi mishi wankan Lugol, ka ɗan tsane ƙasanshi, ka manna shi bisa ƙaramin dutse mai tsabta da supa gulu mai kauri, kar gam ɗin ya taɓa baki. Dutsen da ya mutu gaba ɗaya a nutsa shi cikin odijabel, kashi ɗaya cikin tara na ruwa, a waje inda yaro ba ya kai, ya yi kwanaki, sannan a ƙulle a leda biyu a yar.

Haske da motsin ruwa

Zowan da ya yi watanni ƙarƙashin gansakuka da ruwa mai rawaya kamar mutum ne da ya daɗe cikin ɗaki mai duhu. Yanzu ka goge gilashi, gawayi ya wanke ruwa, hasken da ke isa gare shi ya ƙaru ko ba ka taɓa fitila ba. Don haka ka rage ta zuwa rabi, awa shida zuwa bakwai a yini, shuɗi ya fi fari yawa, ka sauko da duwatsun ƙasa, sannan duk sati ka ƙara kaɗan har wata guda. In fitilar ba ta ragewa ka ɗaga ta sama ko ka shimfiɗa yankin gidan sauro ninki biyu a ƙarƙashinta, sabo fil wanda ba mai magani ba, duk sati ka cire ninki ɗaya. Gidan sauron da ake rabawa mai magani ne, kar ya kusanci ruwan. Su da kansu za su gaya maka, in wuya ya yi tsawo suna miƙewa sama haske ya yi kaɗan, in sun koɗe sun lafe da dutse ya yi yawa. In launi ya koma ruwan ƙasa, ko haske ya gaza ko nitrat ya yi yawa, kuma launi shi ne na ƙarshen dawowa.

Injin kaɗa ruwa ka hiddo shi ka jiƙa cikin binegar ka wanke, za ka ga ƙarfinshi ya dawo. Ka saita shi yadda gezar zowa za ta riƙa rawa a hankali, ba ya buge su kai tsaye ba, ba kuma datti ya zauna a kansu ba. In ka samu wurin da ya yi musu, ka bar su nan. Yawan ɗagawa da sauya wuri kaɗai na hana su buɗewa.

Sai matsalarmu ta nan, ɗaukewar wuta. Fitila na iya yini biyu a kashe ba abin da zai faru, amma ruwa in ya tsaya cik cikin zafi awoyi kaɗan ne iska ta ƙare. In kana da pano da batir, injin kaɗa ruwa da fanka su ne na farko a layi, fitila ta ƙarshe. In babu, ɗan injin kumfa mai aiki da pil ya zama shina kusa, in shi ma babu ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama duk minti goma sha biyar. Maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, da turaren wuta, kar a yi su a ɗakin, wannan sai da na zauna da Hajiya na yi mata bayani don falonta kullum da turare yake, ta kuwa maida kaskon ɗakinta. Man shafawa da sabulu a hannu, da duk wani ƙarfe mai tagulla, su ma haka. Lokacin hunturu in ƙura ta taso ka rufe saman da raga mai laushi, fanka dai ba a buƙatarta a lokacin.

Abinci kar ka yi saurinshi. Kan da ke rufe ba ya ci, abin da ka zuba gansakuka ce za ta amfana. Abincin kifi ma ka rage shi zuwa sau ɗaya a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Sai kawuna sun yi sati guda suna buɗewa, sannan ka dama ɗan garin abincin murjani irin Reef-Roids, kan tsinke kawai, ka kashe injin minti goma ka ɗiga musu da sirinji, sau ɗaya a sati. Palythoa za ka ga sun kama sun rufe a kai, ƙananan Zoanthus wasu ko kulawa ba su yi.

Na yayana, rana ta tara ne da hantsi na ga kai guda bisa dutsen da ke kusurwar hagu ya ɗan saki baki, wani ɗigon kore kamar ƙwayar gero ya bayyana a tsakiya, gezar ba ta ma fito ba. Na kira Hajiya ta zo ta duƙa ta gani, ta ce "Ikon Allah, ashe da ransu." Cikin sati na uku rabin kawunan duwatsu huɗu na buɗewa, na biyar bai motsa ba sai da ya cika wata, ina ta duba taurinshi da sirinji ina barinshi. A sati na bakwai ƴan sabbin kawuna sunka fara tsirowa a gefen shimfiɗa, ƙanana kamar kan ashana, daga nan na koma canjin ruwa kashi 10 cikin ɗari duk sati.

Kafin yaya ya dawo na ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, na ajiye jarka mai lita 25 ta ruwan osmoz a gefe na rubuta a jikinta, na nuna ma babban yaronshi yadda zai cika zuwa layin safe da dare, da yadda zai karanta awon zafi ya kira ni in ya ga 28. Safar hannu da tabarau na rataye su a ƙusa sama da akwariyom ɗin, inda hannun ƙananan ba ya kai.